Madaci ko katakon waje: wa ke ba jita murya?

Auwalu: Salamu alaikum jama'a. Zan sa a ƙera min jita mai lantarki a nan Kano. Jikin da madaci za a yi, daga 'Yan Katako na Na'ibawa, fikof (na'urar da ke ɗauko kaɗawar tsirkiya ta mayar da ita lantarki) da ƙarafa kaɗai zan yo oda. Ni dai a wajena katako ba shi da murya a jitar lantarki. Ko ƙyauren ɗaki ka yanka, in fikof mai kyau ne, sauti ɗaya za ka ji.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Auwalu, tun kana rarrafe nake kiɗa a Sabon Gari. Ɗauko jitar Les Paul ta kamfanin Gibson ka ajiye kusa da Telecaster ta kamfanin Fender. Ta Gibson, tun 1952, katakon mahogani ne aka shimfiɗa masa katakon mapul a sama, muryarta kauri gare ta. Ta Fender kuwa siririya ce, tana tsaga kunne. Wannan ma sai an yi gardama?

Auwalu: Allah ya ba ka haƙuri Malam, amma abu uku ka haɗa ka ɗora wa ɗaya. Tsawon tsirkiya a Fender inci 25.5 ne, a Gibson 24.75. Fikof ɗinsu ba iri ɗaya ba ne, tun 1957 Les Paul take ɗauke da mai naɗi biyu, wanda ke kashe gunjin nan na wuta. Gadar da tsirkiya ke hawa ma daban take. Shi fikof maganaɗisu ne da aka nannaɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, kaɗawar tsirkiyar ƙarfe kawai yake ji. Sa masa tsirkiyar roba ka gani, ko uffan ba zai ce ba.

Zainab: Yaya Auwalu, ka yi gaskiya rabi. A gurmi ko kuntigi jikin ne ke fitar da amo, a jita lantarki ne. To amma tsirkiyar a jikin me aka ɗaure ta, sama da ƙasa? Katako ne. Yana shanye wani abu daga kaɗawar, shi ya sa wata jitar sautinta ke daɗewa, wata ya mutu nan take.

Malam Habu: Allah ya yi miki albarka.

Zainab: Kada ka yi saurin sa albarka Malam, bambancin kaɗan ne. A filin biki, ga janareta ga guɗa, ba mai jin sa.

Baba Kafinta: Ku bar ni in sa baki, tunda ni za a kawo wa aikin. Madaci ɗan'uwan mahogani ne, Turawa ma mahoganin Afirka suke ce masa, saboda haka ko a ra'ayin Malam bai faɗi ba. Sai dai nauyi gare shi. Les Paul kanta tana haura kilo 4, ka rataya irin wannan awa huɗu a tsaye ka ji yadda kafaɗarka za ta yi. Zan rarake cikinsa in rage. Amma duk kun bar jaki kuna dukan taiki. A garin nan wuya ne matsala. Bara wani yaro ya kawo min jita daga Legas, wuyanta liƙe da gam. Hunturu na shigowa katakon ya tsuke, ƙarafan da ke kan wuyan suka leƙo ta gefe kamar haƙoran zarto, har sun yanke shi a ɗan yatsa. Na goge su, na murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, amma karkacewar ta wuce nan. Da irin na Fender ne mai kusoshi huɗu, kwancewa zan yi in sa wani.

Malam Habu: Wuyan gam ya fi riƙe sauti, Baba.

Baba Kafinta: Riƙe sauti a karkataccen wuya? Malam, ka je Legas ka riƙe.

Auwalu: To Baba, wuyan da me za a yi? Ni mai kauri nake so, wanda zai cika tafin hannu, fuskarsa kuma baƙa.

Baba Kafinta: Wuyan ka yo odar na mapul, busasshe, ka bar shi ya yi hunturu ɗaya a shagona kafin in ɗaura. Fuskar kuwa da maɗobiya ta yi kyau.

Zainab: Maɗobiyar da aka kwashe daga Taraba zuwa ƙasar Sin? Tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta sa wa takunkumi. In wata rana ya ce zai fita da jitar waje, kada a tsare shi da tambayoyi. Ku duba kanya.

Auwalu: Shi ke nan. Malam, ranar Asabar bayan la'asar ka zo da taka. Mu rufe maka ido da rawani, amfilifaya ɗaya, Zainab ta kaɗa jita uku. In ka gane mai mahogani sau biyar a jere, na janye maganata a gaban kowa.

Malam Habu: Zan zo. Amma ba rawanina za a ɗaura min ba, kuma man janareta kai za ka saya.