Shekara 11 a Gombe: in sayi fili a nan, ko in koma in tada gidanmu na Bama?

Baban Falmata: Assalamu alaikum. Shawara nake nema, amma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a amsa. Ni mutumin Bama ne. Mun fito a watan Satumban 2014 da garin ya faɗa hannun Boko Haram, muka yi wata biyu a Yerwa, wato Maiduguri, gidan wani ɗan uwa, mu ashirin da wani abu a ɗaki uku, sannan na kwaso iyali muka taho Gombe wajen wani abokin cinikina. Sana'ata hula, sari da wanki, ina da 'yar rumfa a kasuwa. Yara biyar, biyu haihuwar Bama, uku haihuwar nan. Autan ko gaisuwa da Barbarci bai iya ba, sai Hausa da ɗan Fillancin da ya tsinta a wajen maƙwabta.

Na tara miliyan 4 da ɗan ɗoriya. Mai gidan da nake ciki ya ce daga Janairu haya ta tashi daga dubu 280 zuwa dubu 400. Yayana kuma ya koma Bama tun 2019, kullum sai ya kira: in turo kuɗin a tada gidan mahaifinmu da aka ƙone, in dawo gida haka nan. Uwar yara ta ce ita ba inda za ta. Filin unguwar Tumfure ya fi ƙarfina, na riga na zaga, kada a ce mini Tumfure. Tambayata biyu ce. Wanda ya zo daga wata jiha ya yi gini a nan, yaya zamansa da mutanen unguwa? Sannan yaran da aka haifa a nan, takardar indijin ta ina za su yi? Falmata za ta rubuta JAMB bana.

Dillalin Zamani: Wa alaikumus salam Alhaji. Akwai fili a Tumfure, 50 ta 100, miliyan 6 da rabi, takardu cif. Ka neme ni ta gefe.

Hamma Jauro: Ikon Allah! Babarbare da miliyan huɗu? Ai bawa da dukiyarsa duk na ubangidansa ne. Kawo in ajiye maka, in kafa maka bukka a bayan garke, haya kyauta.

Baban Falmata: Hamma, wanda ya ba Bafillatani ajiyar kuɗi ai sai dai ya je kasuwar shanu ya gaisa da su.

Maman Ihsan: Baban Falmata ka yi gininka. A layinmu gida huɗu na mutanen Damboa da Gwoza ne, yanzu in ba a faɗa maka ba ba za ka bambance ba. Amma gaskiya da fari an sha wuya, kuma ta ɓangaren mata abin ya fi tsanani. Matansu ba sa shiga mutane, ƙofa a rufe, sai dai ka ji ƙamshin turaren wuta ta katanga. Mu kuma muka ce girman kai ne. Ashe tsoro ne, ɗaya daga cikinsu a gabanta aka kashe mijinta. Adashi ne ya haɗa mu. Yau duk amaryar da za a kai a layin nan, wajenta ake zuwa gyaran jiki da humra. Ka ce wa maiɗakinka ta riƙa zuwa suna da gaisuwar mutuwa ko ba a san ta ba, kai kuma kada ka ɗora bulo ɗaya sai ka je ka gaida mai unguwa da liman.

Na-Jos: Hajiya, zaman unguwa ba shi ne matsala ba. Kowa zai ci tuwonka ya yi maka dariya. Ranar takarda ake sanin waye ɗan gida. Bari in ba ku nawa.

Kakana haƙar kuza ta kai shi Jos tun zamanin Turawa, daga wani ƙauye a ƙasar Kano. A Jos aka haifi mahaifina, a Jos aka haife ni. Rikicin 2001 Allah ya tsallakar da mu. Na Nuwamban 2008, bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, shagona na kayan gyaran mota ya tafi. Na Janairun 2010 gida ya bi shi. Na zo Gombe da mata biyu da katifa ɗaya. Na yi gini, ina biyan haraji, a nan nake jefa ƙuri'a, har kwamitin masallaci ina ciki.

Shekaru uku da suka wuce babban ɗana ya cike neman aikin ɗamara, aka ce ya kawo indijin. Muka je Jos, aka ce mu baƙi ne, mu koma inda muka fito. Muka hau mota muka je ƙauyen kakan nawa, dagaci ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo fura, sannan ya ce duk tsofaffin da za su shaida kakana sun riga mu gidan gaskiya, shi ba zai sa hannu a kan abin da bai sani ba. Ban ga laifinsa ba. Muka dawo nan. Mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya sa hannu. A sakatariya wani yaro da bai wuce sa'ar ɗana ba ya ɗaga kai ya ce da ni, "Baba, ina aka binne kakanka?" Wallahi har yau tambayar nan tana yi mini yawo a ka. Na ce Jos. Ya ce to can za ka je. Kafin mu gama zirga-zirga an rufe shafin neman aikin. Yaron yanzu keke napep yake ja. Jiha uku, ba wadda ta ce namu ne. Saboda haka Baban Falmata, kai da kake da garin da ya san sunan ubanka, kada ka sake shi. Ka tura wa yayanka kuɗin nan.

Ummu Sultan: Innalillahi. Baba Allah ya saka muku. Amma ni ƙanin mijina haihuwar Kaduna ne, dubu 2 ya biya, rana ɗaya aka ba shi.

Abba Keke: Dubu 2 a ina? Ni dubu 25 na ba wani a bakin ƙofa kafin ta fito.

Ummu Sultan: To an yi maka wayo ne.

Malam Sabo Ticha: Ba wayo ba ne, ba abu ɗaya kuka saya ba. Shi ƙanin mijinki ubansa ɗan nan ne, kuɗin fom kawai ya biya. Shi Abba asali ya saya. Kuma ku bi a hankali da irin wannan, na ga yaron da aka kora a wajen tantancewa, an tambaye shi sunan hakiminsu ya tsaya yana kallon silin.

Ɗan Kashere: Bari in ɗan sa baki, don mun karanta wannan. Sashe na 43 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar mallakar fili ko gida a ko'ina cikin ƙasar, sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Amma shi dai wannan kundin, a sashe na 318, ya ce mutum na jiha ne idan iyayensa ko kakanninsa 'yan wata al'umma ce ta asalin jihar. Ka ga haihuwa a wuri ba ta wadatar ba kenan. Don haka yaranka duka biyar na Borno za su yi, kuma ba asara ba ce. A jami'o'in tarayya kashi 45 na gurabe cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, kuma Borno da Gombe duk suna cikin wannan rukuni na ƙarshe. Inda za ka ji a jikinka shi ne jami'ar jiha, don kuɗin ɗan jiha daban, na baƙo daban.

Na-Jos: Yaro, ka ɗauki sashe na 42 ɗin ka kai sakatariya mu gani. Ka taɓa bin layin takarda da ɗanka a gefe yana kallonka? Wanda bai haihu ba ya bar manya su yi magana.

Ɗan Kashere: Allah ya ba ka haƙuri Baba, tambayar da aka yi na amsa.

Dakta Birmingham: Abin da ke ba ni takaici kenan. Ni shekara bakwai na yi a Ingila aka ba ni fasfo, ba wanda ya tambaye ni kabarin kakana. Ba wai babu wariya ba, a Agustan 2024 da aka yi tarzoma ana kai wa otal-otal ɗin masu neman mafaka hari, kwana huɗu matata ba ta leƙa waje da hijabi ba. Amma a takarda ni da Bature ɗaya ne. A gida kuwa a fuska ɗaya ne, a takarda biyu. Shawarata ka zuba kuɗin a kasuwancinka, ka ci gaba da haya.

Abba Keke: Dakta da fam kake biyan haya. Ka zo ka yi Janairu ɗaya a hannun masu gidajen Gombe tukuna.

Ɗan Bolari: Tunda kowa ya faɗi nasa, mu ma 'yan gari a ji namu, don na ga ana neman mayar da mu azzalumai. A 2014 mahaifina ya buɗe ɗakuna biyu na zaure ya ba wasu mutanen Gwoza, wata tara ba su biya ko sisi ba, tukunya ɗaya aka riƙa ɗorawa. Gidaje nawa ne suka yi haka a garin nan? Yawancin waɗanda suka zo ba sansani suka zauna ba, cikinmu suka shiga. Yau ɗakin da nake kamawa dubu 40 ya koma dubu 150, fili ya gagari ɗan gari, masu kuɗin Yerwa da Damaturu da Potiskum sun zo sun saye bakin titi. Ni haihuwar Bolari, ina da digiri, shekara shida ba aiki. Ɗan gurbin da ya rage mana na jiha shi ma a ce mu raba? Borno za ta ba ni nata?

Maman Ihsan: Kai ɗan nan, siminti ma mutanen Borno ne suka kai shi inda yake? Ga Ashaka a jiharmu, nawa kake sayen buhu?

Baban Falmata: Ɗan Bolari, Allah ya saka wa mahaifinka da Aljanna, irinsu ne suka riƙe mu, ba zan taɓa musu ba. Amma ka sani ba yawon buɗe ido ya kawo mu ba. Lokacin da bam ya tashi a tashar Dukku a Disambar 2014, sati biyu ban fita kasuwa ba saboda zanen da ke fuskata. Mu da muka gudo daga hannun 'yan Boko Haram, mu ake nunawa da baki. Wani mai gida har ya karɓi kuɗina, da ya ji sunana ya dawo mini da su. Wannan ya wuce, yanzu in na yi kwana biyu ban zo masallaci ba sai an biyo sawu. Ni ban nemi gurbin kowa ba, tambaya na yi.

Baffa Manga: 'Ya'yana ku sassauta. Garin nan da kuke faɗa a kai, shi kansa baƙo ne. Fadar Bubayero, wanda ya kafa masarautar Gombe, a Gombe Abba take, Turawa suka mayar da hedikwata Nafada, sai a 1919 aka dawo nan Doma. Jirgin ƙasa ya iso a 1963, auduga da gyaɗa suka jawo Kanawa da Barebari da Yarabawa da Inyamurai. Kafin 1996 kuma dukkanmu takardar jihar Bauchi muke riƙewa. Kai Ɗan Bolari, je ka tambayi tsofaffin gidanku daga ina aka taso, ka dawo ka ba mu labari.

Hamma Jauro: Baffa a bar tone-tone, kada a gano Barebari sun riga mu zuwa, bayi su samu bakin magana.

Ya Kolo: Ni na koma Bama, bari in faɗa maka abin da na gani. Da aka rufe sansanonin cikin Yerwa a ƙarshen 2021 na bi 'yan uwa muka koma. Cikin gari lafiya lau, kasuwa tana ci, hula kuwa ka fi ni sani, can ne gidanta. Amma gona ba ka nisa, kuma dare ya yi kowa kunnensa a waje yake. Wata goma sha huɗu na yi na dawo, yara sun kasa sabawa, makaranta ta koma baya. Abin da na yi, ɗaki biyu na tada a can da dubu 900 don kada a ce gida ya mutu, saura na sayi rabin fili a hanyar Kwami dubu 850.

Dillalin Zamani: Dubu 850 a hanyar Kwami? Yaushe rabonka da zuwa? Yanzu rabi miliyan 1 da dubu 700 ne, shi ma sai da roƙo.

Ummu Sultan: Ƙarya ne, watan jiya yayata ta sayi cikakke miliyan 1 da rabi.

Malam Sabo Ticha: A bakin kwari ko? Ku tambayi inda ruwa yake bi kafin ku tambayi farashi. Garin nan zaizayar ƙasa ta ci gidaje ba adadi. Dillali da rani yake kai ka ganin fili, ba ya kai ka a watan Agusta.

Abba Keke: Dillalai ai su ne annobar, ba baƙi ba. Su suke zuga masu gida. Kuɗin ganin gida dubu 5, la'ada kashi goma, in shekara ta zagayo su je su ce wa mai gida ga wani zai ba da ninki. Ni sau biyu ana tashina a shekara uku, kuma gidan ko famfo babu.

Dillalin Zamani: Kowa da sana'arsa malam. Kai nawa kake ɗaukar mutum daga Tashar Dukku zuwa Tumfure yanzu?

Maman Ihsan: Maganar famfo ma, mu watanmu biyu ko ɗigo. Kurar ruwa dubu 1 da ɗari biyar muka saya jiya.

Ummu Sultan: Mu dubu 2 ne, kuma jarka goma ce ba sha biyu ba.

Baban Falmata: Na gode ƙwarai jama'a. Ya Kolo, can hanyar Kwamin akwai makarantar yara kusa?

Abba Keke: Maman Ihsan wace unguwa ce taku? Ki turo mini mai kurar nan, namu ya ce daga gobe dubu 2 da ɗari biyu.