Ranar Waliyyi Patrick a Ayilan: an gayyace ni mashaya, ku yaya kuka yi?

Sabon Baƙo, Dublin

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Watana biyar ke nan a Dublin, ina aiki a wani kamfanin kwamfuta. Ranar Litinin mai zuwa, 17 ga Maris, ita ce ranar Waliyyi Patrick, babban waliyyin Kiristocin Ayilan, kuma hutu ne a ƙasar baki ɗaya. Abokan aikina sun shirya mu haɗu mu kalli fareti, daga nan a wuce mashaya a ci abinci. Shugaban sashenmu da ƙafarsa ya tako har teburina ya ce lallai yana son ganina. Ni kuwa ga azumi a bakina, ga shi tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa ƙafa a gidan giya ba. Mutanen nan sun riƙe ni da mutunci. Ɗaya daga cikinsu ne ma ya yi tsayin daka har na sami ɗakin haya lokacin da nake gararamba. Ba na so su ɗauka gudunsu nake yi. Ba fatawa nake nema ba, na san inda zan kai wannan tambayar. Waɗanda suka riga ni zuwa, abin da ya faru da ku nake son ji.

Maman 'Yan Biyu, Balbriggan

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da shan ruwa. Fareti kam ka je, kada ka bari ya wuce ka. Shekararmu ta farko ni ma ƙulle ƙofa na yi, na ɗauka duk ranar ta mashaya ce. Yarana ne suka fito da ni a shekara ta biyu, don tun farkon watan Maris makarantarsu take ta koya musu waƙoƙi da harshen Irish, ranar ƙarshe kafin hutu kuma aka ce kowa ya zo da koren kaya. Suka dawo da ganyen shamrok, ɗan ganyen nan mai kunne uku da yake alamar ƙasar, na takarda a ƙirji, suka ce Mama sai mun je.

Na Dublin da sha biyun rana yake tashi daga Parnell Square, ya gangaro titin O'Connell, ya haye kogin Liffey. In kana son ka ga wani abu ban da ƙeyar mutane, ka isa tun wajen goma. Wasu har da ɗan tsani suke zuwa su ɗora yara. Ka sa rigar sanyi mai kauri, ka riƙe ta ruwa, don tsayuwar awa uku a iskar Maris da azumi ba wasa ba ce. Abin ya tuna min da hawan sallah a Zariya: ba dawakai da algaita, amma wannan cunkoson, da yara a wuyan iyayensu, da kowa na miƙa wuya, duk iri ɗaya ne. Sai da na share hawaye ranar.

Yanzu dai mun fi zuwa na ƙananan garuruwa. Can za ka ga taraktoci, motar 'yan kwana-kwana, yaran ƙungiyar ƙwallo, 'yan matan makarantar rawa, har da ƙungiyoyin baƙi, 'yan Najeriya da 'yan Poland da Indiyawa, kowa da tutarsa. Ƙa'idata ɗaya ce: ƙarfe uku ta same mu a hanyar gida. Kuma kada tsautsayi ya kai ka unguwar Temple Bar, mai cike da gidajen giya, da yamma.

Direban Dare, Dublin

Hajiya ta faɗi gaskiya kan ƙarfe uku. Ni shekarata goma sha ɗaya ina jan tasi a garin nan, na ga ranar ta kowace fuska. Da safe iyalai kake ɗauka, kaka da jikoki, kowa fes. Daga la'asar abin yake juyawa. Akwai shekarar da wasu samari huɗu, baƙi ne ma da suka zo yawon buɗe ido, ɗayansu ya amayar min da duk abin da ya sha a kujerar baya. Doka ta ba direba damar karɓar kuɗin wanki har Yuro 140, amma daren ya riga ya lalace, wari ya fi mako bai fita ba, kuma a motar nake ajiye dardumata. Tun daga nan sha biyun dare na yi nake kashe mita, ko nawa ake samu.

Wani dattijo da na taɓa ɗauka daga Drumcondra ya ba ni labarin da ya ba ni mamaki. Ya ce lokacin yarintarsa mashaya a rufe suke ranar nan, doka ce tun 1927, sai wajen 1960 aka ɗage ta. Coci ake zuwa da safe, a dawo gida a ci abinci, shi ke nan. Ya ce manya masu ƙishirwa wajen baje kolin karnuka suke tafiya, don can ne kaɗai aka yarda a sayar da giya. A ganinsa wannan hayaniyar daga Amurka aka kwaso ta, inda har kogin Chicago suke rinawa kore. Bikin kwana da kwanaki da ake yi yanzu a Dublin ma sai 1996 aka fara shi.

Ɗan Kagoro, Cork

Sannunku 'yan'uwa. Ni Kirista ne, ɗan Katolika, bari in kawo nawa ɓangaren. A wurinmu ranar da sujada take farawa. Tsofaffi suna zuwa coci da ɗanyen ganyen shamrok a maƙale a kwat, wannan ɗan ganyen mai kunne uku da aka ce Patrick ya yi wa mutane bayanin Triniti, wato Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da shi. Shi kansa Patrick ba ɗan ƙasar ba ne. Daga Birtaniya aka sato shi yana ɗan shekara sha shida, ya yi shekara shida yana kiwo a matsayin bawa, ya gudu, daga baya ya dawo da ƙafarsa wurin mutanen da suka bautar da shi. A ƙarni na biyar ke nan. Duk shekara in an karanta wannan tarihin sai in ji kamar da mu baƙi ake.

Abin da ban taɓa mantawa ba ya faru shekarata ta farko. Bayan sujada wani tsohon fada, gashinsa fari fat, yana dogara sanda, ya dube ni ya ce, "Sannu, ina gajiya? Daga ina?" Da Hausa tsantsa. Na tsaya baki buɗe. Ashe ya yi shekaru masu yawa a ƙasar Kaduna da Jos. Limaman mishan na SMA, ƙungiyar Katolika mai wa'azi a Afirka, gidansu na nan Cork, a Blackrock Road, kuma da yawa cikin tsofaffinsu a Arewa suka ƙare ƙuruciyarsu. Makarantar St. Louis ta Kano ma sistocin ƙasar nan ne suka kafa ta. Kuma tun 1961 Patrick ne waliyyin da cocin Katolika ya ɗora wa riƙon Najeriya. Mun fi awa muna hira, yana tambayata ko har yanzu ana cin acca a wajenmu.

Maganar mashaya, ba zan ɓoye ba, nakan je in sha kofi ɗaya. A Cork ba Guinness suke alfahari da ita ba, Murphy's ko Beamish suke sha, nasu na gida. In sun ji ni ɗan Najeriya ne sai hira ta koma kan kamfanin Guinness na Ikeja da aka buɗe a 1962. Ranar tana faɗowa cikin azuminmu na kwana arba'in, kuma a al'ada ana sassauta wa mutane ranar, shi ya sa ake ci ana sha. Amma ɗan'uwa, abokina da muke zama gida ɗaya Musulmi ne, ɗan Funtuwa, shekara uku ban taɓa ce masa ya biyo ni ba, kuma hakan bai rage komai tsakaninmu ba.

Injiniya, Galway

Ni na shiga, sau biyu, kuma zan faɗi yadda na same shi. Mashayar ƙasar nan ta wuce wurin sha kawai. A ƙauye ita ce majalisa: can ake taruwa bayan jana'iza, can ake kallon wasa, da rana har da yara ake shiga cin abinci. Na farko da na je, a wani lungu akwai mutum biyar da goge irin nasu, da 'yar sarewa, da wata ganga mai fuska ɗaya da ake kaɗawa da ɗan itace. Ba mai biyansu, zama kawai suka yi suna kiɗa. Ba wanda ya tura min giya. Na ce ba na sha, aka kawo min abin da suke kira rock shandy, lemon Club na zaƙi da na tsami a haɗe, ba giya a ciki. Amma ka kula da sunan, don shandy zalla giya ce da lemo.

Inda na shiga tsaka mai wuya shi ne zagaye. Al'adarsu kamar adashi take: mutum ɗaya ya saya wa duk teburin, in an shanye na gaba ya tashi, har a zagayo kanka. Wanda ya sha na mutane ya zame kafin nasa zubin, sunansa ya ɓaci. Na sha lemo uku na mutane, sai ga layi ya iso kaina, ma'ana in ciro kuɗina in sayi giya kofi shida. Zuciyata ta ƙi. Na sayo wa teburin soyayyen dankali da kifi a madadin haka, suka karɓa da fara'a, amma na kwana ina juyayi. Karo na biyu tun kafin mu zauna na ce kada a sa ni a zagaye. A na ukun kuwa ban je ba, don na lura ko ban sha ba raina ba ya kwanciya a wurin.

Malam Babba, Limerick

Shekara ashirin da biyu ina ƙasar nan, ban taɓa shiga ba, kuma ban rasa aboki ko ɗaya ba saboda haka. Ɗana, abin da ke ɓata zumunci shi ne ƙarya. In ka ce kana da uzuri bana, baɗi ma sai ka ƙirƙiro wani, su kuma suna gani. Ka faɗa musu sau ɗaya, a fili, cikin ladabi. Mutanen nan sun san mai ƙin giya tun kafin mu zo. Father Mathew ya fara wa'azin barin giya a Cork a 1838, mutum-mutuminsa na tsaye a tsakiyar garin. Akwai ƙungiyar Pioneer da aka kafa a 1898, 'yanta suna maƙala ɗan baji a ƙirji alamar sun yi alkawarin ba za su sha ba. Maƙwabcina na farko ɗan ƙungiyar ne, da na gaya masa addinina ya hana ni, hannu ya miƙo min.

Amma kada ka ƙi tasu gayyatar ka zauna haka nan. Ka mayar da taka. Shayi suke sha kamar mutanen Agadas, ba wanda za ka kira shan shayi ya ƙi.

Anti Nas, Drogheda

Ni dai ranar yawanci a bakin aiki take samuna, kuma abin da muke gani a sashen gaggawa na asibiti da daddare ba na son tuna shi. Yaran da ba su kai ashirin ba ne suka fi tsaya min a rai.

Bari in yi maka maganar abinci, tunda ba wanda ya taɓo ta sosai. Abincin ranar a gidaje da yawa naman alade ne da kabeji da dankali, don haka in ka ji an ce bacon and cabbage ka san ba naka ba ne. Coddle na mutanen Dublin ma alade ne. Black pudding da jini ake yin sa. Farfesun naman sa da za ka gani baƙi kirin a mashaya da Guinness ake dafa shi, kuma har a kek da burodi mai duhu sukan zuba ta, wani kek ɗin kuma da giyar Baileys. Ka tambaya, ba sa jin haushi, sun saba da masu tambaya saboda rashin lafiya.

Wanda na ɗauka ya zama namu a gida shi ne Irish stew: naman rago, dankali, albasa, karas, a bar shi a wuta kaɗan-kaɗan har awa biyu. Ina sayen naman a shagon halal, in jefa attaruhu biyu da citta, don nasu ba yaji ko kaɗan. Da burodinsu na soda, wanda ba yis a cikinsa, ba ya buƙatar jiran tashi, cikin awa ɗaya ka gama. Sai colcannon, dankali da aka daka da kabeji da man shanu. Wata abokiyar aikina ta yi dariya har da riƙe ciki da na gaya mata a kasuwar Jos da Kano in ka ce a ba ka "Airish" dankali za a auno maka. Bara na kai tukunya guda wurin aiki muka yi buɗa-baki da ita ni da wani likita ɗan Sudan, sauran ma'aikata suka sa cokali, ba a bar ko romo ba.

Sabon Baƙo, Dublin

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na dawo in ba ku labarin yadda aka yi. Ranar Juma'a na sami shugabanmu na gaya masa kamar yadda Malam ya ce: zan zo fareti, amma ba zan shiga mashaya ba, kuma ina azumi. Ya ɗan yi shiru, sai ya tambaye ni ƙarfe nawa nake shan ruwa. Na ce wajen shida da rabi.

Jiya mun haɗu kusa da gadar O'Connell tun goma da rabi. Hajiya, sanyin da kika faɗa na sha shi. Wata a cikinsu ta kawo min koriyar hula, na sa. Da aka tashi suka nufi mashaya, ni na taka zuwa masallacin South Circular Road na yi azahar da la'asar, na wuce gida na ɗora tukunya kamar yadda Anti ta kwatanta, sai dai attaruhu ɗaya na sa. Shida da kwata aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mutum biyu ne daga cikinsu, har da wanda ya samo min ɗakin, da burodin soda a takarda da dabino da suka tsaya suka saya a hanya. Suka zauna a kan kafet suna duba agogo tare da ni har lokaci ya yi. Shi wanda ya samo min ɗakin ya ƙara kwano biyu, yana share gumi, yana tambayata ranar da za a yi sallah.