Kan sarkin da ke jikin kati: a ɓanɓare ko a bar shi?

Maman Ilham: Salamu alaikum. Ina neman shawara kafin ruwa ya sauka. Katunan gidan waya 64 ne a hannuna, duk ta musayar Postcrossing suka zo, wato shafin intanet da mutanen ƙasashe daban-daban ke aika wa juna kati ta hanyarsa, yawanci daga Jamus, Rasha, Finland, Taiwan da Amurka. An ba ni albam ɗin kan sarki, irin mai layi-layin da ake soka su ciki, har yanzu babu ko ɗaya a cikinsa. Abin da na rasa yankewa: in ɓanɓare kan sarkin daga katunan in cika albam, ko in bar kowane kati yadda ya zo? Na Amurka 11 ne, kuma na ga gam ɗinsu daban yake. Ɗakin da nake ajiya bangonsa yana tsatsafo da damina.

Malamin Taswira: Wa alaikumus salam. Abu ne mai sauƙi, Hajiya. Ki yi rajista kyauta, ki nemi adireshi, za a ba ki lamba mai farawa da NG, wato Najeriya, ki rubuta ta a jikin katin. Biyar ake bari ki aika da farko, in biyar sun isa masu karɓa sun yi musu rajista a shafin ya koma shida. Wani ɗan ƙasar Fotugal, Paulo Magalhães, ya kafa tsarin a 2005.

Sarkin Zolaya: Malam, mai kati 64 kake koya wa rajista? Wannan ai koya wa ɗan kada iyo ne.

Uwar Ɗaki: Ki kai su wurin masu hoto a rufe su da leda a injin nan mai zafi, shi ke nan kin huta da danshi.

Tsohon Akawu: Subhanallahi. 'Yata, kada ki kusanci wannan injin. Leda in ta narke a jikin takarda ba ta sake rabuwa da ita, katin ya mutu ke nan. Batun ɓanɓarewa kuwa, kati ba ambulan ba ne. Ambulan takarda ce fallen ɗaya, ruwa yana ratsa ta daga baya ya jiƙa gam cikin minti goma zuwa goma sha biyar. Kati kwali ne mai kauri, fuskarsa da sheƙi, ruwa ba ya shiga sai ta gefe. Kafin gam ya saki, tawadar saƙon ta watse, kwalin ya kumbura ya rabu biyu. Tururin buta ma haka, ya lanƙwasa katin ya bar tabo. Kuma hatimin da aka buga rabinsa a kan sarki yake, rabinsa a kati. Kina cirewa kin raba sunan gari da kwanan wata, waɗanda su ne shaidar tafiyar.

Bari in faɗi abin da na gani da idona, don har yau bai bar raina ba. An kawo mini kayan gado in duba ko suna da daraja. Akwatin ƙarfe ne, mai shi ya rasu, magada suka ce su gyara kafin su nuna wa kowa. Gyaran shi ne suka sa reza suka yanke kowane kan sarki daga wasiƙarsa, daf da haƙoran gefensa, suka manna su da gam ɗin ofis a littafin makaranta mai layi. A ciki akwai na Arewacin Najeriya, waɗanda aka yi amfani da su tsakanin 1900 da haɗewar 1914, masu kan Sarki Edward da Sarki George. A gefen ɗaya ana ganin haruffa huɗu na hatimin Zungeru, sauran an jefar tare da ambulan. Na tambayi ambulan ɗin, aka ce an hura wuta da su. Gam ya ratsa takardar ya mai da ita ruwan ƙasa, kyankyasai sun bi zaƙinsa sun cinye kusurwoyi, shafuka uku sun manne da juna saboda fumfuna. Kan sarkin da ke zaune a kan wasiƙarsa, da hatimi da adireshi, yakan ninka wanda aka cire daraja, wani lokaci nesa ba kusa ba. Suka zauna suna jira in faɗi miliyan nawa.

Sarkin Zolaya: To Baba, nawa ka faɗa?

Tsohon Akawu: Na ce Allah ya jiƙan mai shi.

Mai Katin Jamus: Allah ya jiƙansa. Amma Baba, da girmamawa, kana auna kayan yau da ma'aunin 1910. Kan sarkin furen Jamus da ke zuwa a katunanmu miliyoyi aka buga, ko jikokinmu ba za su sayar da shi su sayi buhun shinkafa ba. Wanda yake son albam ya cika albam. Hanyar da ba ta ɓata kati ita ce ta buɗe musayar kai tsaye a shafinta, ta nemi masu aiko da kati cikin ambulan. Kati ya tafi akwati, ambulan ya tafi ruwa. Ga yadda ake yi: a yanka da almakashi a bar tazarar rabin santimita kewaye. A ware masu jan ambulan ko ruwan goro ko kore, a jiƙa su su kaɗai a ruwan sanyi, domin launinsu yana zuba ya rina sauran. Farare a zuba kamar ashirin a faffaɗan kwano, ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda za a iya yi wa jariri wanka da shi. Kada a ja. In ya saki da kansa zai zame, in ya yi gardama a ƙara minti biyar. A ɗauraye a kwano na biyu don sauran gam ya fita, a kife shi a kan farin tawul. In ya sha iska, a sa tsakanin fararen takardu a ɗora littafi mai nauyi ya kwana. Ban da jarida, tawadarta tana kamawa.

Tsohon Akawu: Matakanka daidai ne, sai dai ka manta hantsaki. Yatsa yana da maiƙo, bayan shekaru tabon yake fitowa. A nemi mai faffaɗan baki marar kaifi, ba matsefatar cire ƙaya ba. Batun ma'auni kuma, yaro, wanda ya liƙa kan Sarki Edward a Zungeru shi ma gani yake abin banza ne.

Mai Katin Jamus: Masu tara kan sarki kullum haka suke, su ga mai kati kamar ɗan koyo. Kati ɗari uku da suka ratso teku da sunanka ai sun fi albam ɗin da aka saya a awo.

Uwar Ɗaki: Ku dai ku yi. Ni albam ɗin hoto nake sa nawa, mai aljihu 200, girman santimita 10 da 15, katin yau da kullum yana shiga daidai. Naira dubu uku da ɗari biyar na saya.

Malamin Taswira: Dubu uku da ɗari biyar a wace shekara, Hajiya? Makon jiya an ce mini dubu tara, kuma mai aljihu 100.

Uwar Ɗaki: Kai kanti ka shiga, ni kasuwa na shiga.

Ɗan Damagaram: Kafin a yi rigimar kuɗi a duba irin ledar. Mai laushi, mai warin sabuwar tabarmar roba, ita ce PVC. Da zafin bazara tana fitar da maiƙo, hoton katin ya manne a jikinta, in an zaro sai launin ya zauna a leda. Wadda ake so ita ce mai ƙarar kacau-kacau marar wari, galibi an rubuta PP a bayan albam ɗin. Albam mai shafi mai danƙo, wanda ake ɗaga leda a manna hoto, shi ya fi kowanne ɓarna. Wanda bai samu mai kyau ba, kwalin takalmi ya wadatar: katunan a tsaye kamar littattafai, kada a jibga su, a raba ƙasa da ƙasa da farin kwali. A jefa ƙunshi huɗu ko biyar na ƙwayoyin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin sabon takalmi, a sauya su in damina ta raba. Kwalin ya zauna a saman kabad, nesa da bangon waje da tazarar hannu, kada ya taɓa ƙasa saboda gara. Da hunturu kuma kati yana lanƙwashewa, sai a matse layin da kwali a ƙarshensa.

Maman Ilham: Na gode, Yaya. To na Amurkan nan 11 fa?

Mai Katin Jamus: Waɗannan masu gam ɗin sitika ne, irin zagayayyen da aka rubuta Global Forever. Yawancin na shekarun baya-bayan nan ba sa saki a ruwa, ko kwana suka yi. Fuskar ce za ta saɓule a bar ki da farar takarda. Masu cire su sinadarin ɓawon lemo suke fesawa ta bayan ambulan, su kankare gam, su shafa hoda. A kati babu bayan da za a fesa.

Sarkin Zolaya: A gwada kananzir mana, ko kaska yana cirewa.

Tsohon Akawu: Kada wani ya ɗauki wannan da gaske. Kananzir yana barin tabon mai da ba ya fita.

Malamin Taswira: Ni abin da ya fi damuna ma ba ajiya ba ne, aikawa ce. An karɓi naira ɗari bakwai a hannuna kan kati zuwa Jamus a wani ofishi, a wani kuma aka ce dubu biyu da ɗari biyar, wata guda tsakani.

Uwar Ɗaki: Ni dubu ɗaya da ɗari biyu, har da rasit.

Ɗan Damagaram: Bambancin yakan zo daga abin da aka rubuta kayan. In mai kantar gidan waya ya ɗauke shi wasiƙa ce ya ɗora a sikeli, kuɗi ɗaya. In ya sa shi a rajista mai lambar bibiya, wani kuɗin. Kati ba ya bukatar rajista. A ce a fili kati ne, ta jirgin sama, ba rajista, a nemi ganin takardar farashi. A kuma tsaya har a buga hatimi a gaban mutum. Mu nan wata matsalar muke da ita: lambarmu NE, taku NG, kuma masu rarraba wasiƙu a Turai sukan jefa na Nijar a buhun Najeriya. Kati ya je Legas ya juyo, kwana 60 sun wuce, shafin ya nuna wa'adinsa ya ƙare. Ana iya yi masa rajista har shekara guda, amma mai aikowa ya riga ya ɗauka an cinye masa kati. Maganin da muka samu shi ne rubuta République du Niger cikakke a layin ƙarshe, da lambar akwatin gidan waya, wato BP, a sama.

Mai Katin Jamus: Ku aƙalla ana samun katin da za a aika a wurinku? Nan an zaga kantunan littattafai babu katin Dutsen Dala, babu na marinar Ƙofar Mata, babu na hawan sallah. Baƙo ya aiko maka da gidan sarautar garinsu, kai ka rasa abin mayarwa. Sai dai a kai hoto wurin masu buga katin biki, a ce kwali mai nauyin giram 300, girman A6, fuska da sheƙi, baya ba sheƙi don biro ya kama. In an sa sheƙi a bayan, hatimi ba ya bushewa, yana gogewa a buhu. Kuma mutane da yawa a shafinsu sun rubuta sun fi son na kanti.

Uwar Ɗaki: Ga kuma a je a ce babu kan sarki mai hoto, sai ƙananan kuɗi. A jera maka takwas su rufe rabin saƙon.

Tsohon Akawu: Shi ya sa ake sayen kan sarki kafin a yi rubutu. A liƙa tukuna, a ga filin da ya rage, lambar katin a rubuta ta wuri biyu nesa da juna.

Sarkin Zolaya: Wani mai kanta cewa ya yi a sa katin a ambulan, wai ba mutunci ba ne wasiƙa ta fita tsirara.

Maman Ilham: Jama'a, hadari ya fara haɗuwa a nan. Albam ɗin nan in mayar wa mai shi ne, ko in fara da katunan da suka zo biyu iri ɗaya? Akwai huɗu na Finland masu hoto ɗaya.

Malamin Taswira: Malam na Damagaram, akwatin gidan waya nawa kuke biya a shekara? Mu an ce sai an kawo hoto biyu da katin shaida, mabuɗin kuma har yanzu ba a yanko ba.