Suya ko Tsire? Musayar Baitoci Daga Ikko

Malam Na-Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa, ga tambaya,
Kalmar da duk Legas ke kira suya,
Tamu ce, tushenta fi'ilin soya,
Kasko da mai mai zafi, nan ake suya,
Tsire kuwa gashi ne, ina aka ɓace hanya?

Baba Barunde, Oko-Oba:
Malam, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi,
Tsire daga tsirewa ne, da tsinke ake yi,
A kafa shi gefen tukuba ko a kan ragar gawayi,
Balangu ba ruwansa da tsinke, shimfiɗa shi ake yi,
Kilishi sai ya sha rana har ya rage nauyi.
A ganina "tsa" ce ta yi wa bakin baƙo nauyi,
Ya ji su-ya, gaɓa 2, ya ce wannan ta yi.

Hajiya Mai Yaji, Mile 12:
Baba, sunan ya yi sauƙi, haɗin ma haka yake,
Kilo 1 na jan nama, a cire jijiya a wanke,
A gitta wuƙa kan tsoka, siriri-siriri a yanke,
Mai kauri bayansa ya ƙone, cikinsa ɗanye yake.
Ƙuli-ƙuli gwangwani 1, a daka shi ya niƙe,
Barkono cokali 2, citta 1, duk a dake,
Gishiri rabin cokali, kada a ƙara a sake,
A shafa man gyaɗa, a barbaɗe, a jera a tsinke,
Minti 30 ya huta, yaji ya kama ya riƙe.

Ƙanen Kowa, Obalende:
Hajiya, ina kori da tayim, ina dunƙule?
Masu saye a nan sun fi son yaji a cakuɗe.

Hajiya Mai Yaji:
Ɗana, dunƙule 2 sun isa, in ka kai 10 ka ɓata,
Harshe zai ji gishiri kawai, ƙanshin gyaɗa ya ɓata,
Kori na miyar shinkafa ne, bar shi a tukunyata.
Ka kula da daminar Ikko, danshi ba ya hutawa,
Yaji a buɗe dunƙulewa yake, ƙuli ya fara hunhuna,
Kwalba mai murfi ka samu, ka daka na mako guda.

Baba Barunde:
Saura wuta, yaro, nan ake gane gwani,
Garwashi ake so ja, ba harshen wuta mai ƙuna ba,
Ƙuli ba ya jure harshe, nan take yake yin ɗaci.
Kananzir a gawayi? Warinsa sai ya bi nama.
Juya shi sau 3 ko 4, kana ɗiga masa mai,
In ya yi ja, kitsen tozo yana tsartuwa, sauke shi.

Malam Na-Agege:
Baba, ka saki amsa-amo, wuta ta ɗauke maka hankali!
Na karɓi suya don ciniki, tsire kuma a cikin iyali,
Amma ku daina naɗe shi a jarida, tawada na bin mai,
Farar takarda, albasa a gefe, tumatir in da hali.