Tsoro ko lissafi? Rikici kan kwantiragin 'yan NBA na shekarar korona

Auwal Celtics: Jama'a, wanda zai ji haushi ya ji. Abin da 'yan ƙwallon kwandon NBA, babbar gasar Amurka, suka yi a ƙarshen 2020 tsoro ne tsagwaronsa. Mutum yana da zaɓin shekarar ƙarshe a kwantiraginsa, in ya ga dama ya fita kasuwa ya nemi sabo na shekara huɗu, in ya ga dama ya zauna ya cinye ragowar. Sai ga Andre Drummond ya lafe a Cleveland kan dala miliyan 28.7, DeRozan a San Antonio kan 27.7, Otto Porter a Chicago kan 28.5, Mike Conley a Utah kan 34.5. Wai don korona ta cinye kuɗin shiga. Matsorata kawai!

Malam Nura: Auwal, janye kalmar "matsorata" tukuna. Iyakar albashi, wato rufin da aka sa wa jimillar albashin kowace ƙungiya, wadda aka yi hasashe wa kakar 2020-21 dala miliyan 115 ce, sai aka daskarar da ita a 109.14, daidai da ta kakar da ta gabata. Ƙungiyoyin da ke da sararin kuɗi na gaske ba su taka kara sun karya ba, irin su Atlanta, New York, Detroit da Charlotte. Wadda ta cika iyakarta, abin da za ta iya miƙa wa baƙon ɗan wasa bai wuce miliyan 9.3 a shekarar farko ba. To Otto Porter, da rauni ya hana shi buga mafi yawan kakar, ya ajiye 28.5 ya je ya karɓi 9.3? Wannan ai ba jarumta ba ce, wauta ce.

Auwal Celtics: Malam, ai ka maimaita maganata ne da lambobi. Ya ji tsoron kasuwa.

Malam Nura: A'a. Mai tsoro bai san abin da ke gabansa ba. Wannan ya ƙirga kujerun kasuwar ya ga babu tasa.

Zee Kwando: Ni dai kalmar ba ta dame ni ba, amma Yaya Auwal ya haɗa mutanen da ba su haɗu ba. DeRozan ya jira shekara guda, a 2021 Chicago ta ba shi sama da miliyan 80 na shekara uku. Drummond kuwa Cleveland ta sallame shi a Maris ɗin 2021, ya ɗan taɓa Lakers, ya ƙare a Philadelphia kan mafi ƙarancin albashi. Da bai riƙe 28.7 ɗin nan ba, ina zai sake ganin irinta?

Sadik Laker: Ku bar wahalar da kanku. Haushin Auwal ba na Drummond ba ne, na Gordon Hayward ne. Shi ne ya ajiye miliyan 34.2 a Boston Celtics, ƙungiyar Auwal, ya tafi Charlotte kan miliyan 120 na shekara huɗu. Wanda ya zauna matsoraci, wanda ya tafi maci amana. Me kake so su yi, ɗan'uwa?

Auwal Celtics: Mai zoben Disney ma yana da bakin magana? Kofin 2020 da Lakers ɗinku suka ci a killace a filin Disney na Orlando, babu 'yan kallo, babu tafiye-tafiye?

Sadik Laker: Ƙungiya 22 aka killace, har da taku. Miami ce ta kore ku a wasan ƙarshe na Gabas, Bam Adebayo ya tare wa Tatum ƙwallo a bakin raga. Ko shi ma Disney ce ta tare?

Injiniya Kabir: Ku dakata. Akwai abin da duk kuka tsallake, wato kuɗin riƙo. 'Yan wasa da masu ƙungiyoyi suna raba kuɗin shigar ƙwallo ne, rabon 'yan wasa tsakanin kashi 49 zuwa 51 cikin ɗari. Don kada albashi ya zarce rabon, a kan riƙe kashi 10 na kowane albashi sai an yi lissafin ƙarshen kaka. Bayan an dakatar da wasa ranar 11 ga Maris 2020, daga 15 ga Mayu aka koma riƙe kashi 25. Yarjejeniyarsu ma ta ce kowane wasan da aka soke saboda annoba ɗan wasa zai rasa kashi ɗaya cikin 92.6 na albashinsa, mai miliyan 27 ke nan kusan dala dubu 290 duk wasa. A sabuwar kakar mai wasa 72 aka amince ragin ba zai wuce kashi 20 a kaka guda ba, saura a shimfiɗa shi zuwa kaka biyu na gaba. Abin lura, riƙon nan bai san wanda ya zauna da wanda ya tashi ba, kowa ake yanka. Zama a tsohon kwantiragi bai kare kowa daga gare shi ba.

Auwal Celtics: To ka gani! Sun ɓuya a inda ba maɓoya. Tsoro.

Injiniya Kabir: Ban ce haka ba, kada ka sa min magana a baki. Adam Silver, shugaban NBA, da kansa ya ce kusan kashi 40 na kuɗin shiga daga zuwan 'yan kallo yake. Wanda ya ga filaye babu kowa ya riƙe abin da ke hannunsa, da me ya yi laifi?

Zee Kwando: Manyan taurari kuma lissafinsu daban. Albashi mafi girma kaso ne na iyakar: kashi 25 ga wanda bai wuce shekara shida a NBA ba, 30 daga bakwai zuwa tara, 35 daga goma. Anthony Davis na Lakers ya ajiye 28.7, ya fara sabo da kashi 30 na 109.14, wato 32.7. Da iyakar ta kai 115 da 34.5 ne. Kuma kowa ya zaci gajere zai sa wa hannu don ya kai shekara goma ya ɗauki kashi 35, sai ya ɗaure kansa shekara biyar kan miliyan 190. In akwai wanda ya nemi tabbas, shi ne.

Sadik Laker: Ƙanwata, wannan sunansa amana ga ƙungiya. Giannis ma ai shekara biyar ya sa wa hannu a Milwaukee a Disamban 2020, miliyan 228. Ɗanmu ne, ba ya wasa da kuɗi.

Malam Nura: Ɗanku a ina? A Atina aka haife shi, Girka yake buga wa.

Sadik Laker: Iyayensa daga Legas suka tafi, sunan gidansu Adetokunbo. Fasfo ba ya canza jini, Malam.

Auwal Celtics: An bar magana an koma fasfo. Ni dai Hayward bai cuce mu ba, Charlotte ya cuta. Sai da suka sallami ɗan wasansu Batum suka shimfiɗa miliyan 27 ɗinsa a shekara uku, tara-tara, kafin su samu wurin sa shi. Michael Jordan, mai ƙungiyar a lokacin, ya biya kusan 39 a shekara don mutum ɗaya mai yawan jinya.

Sadik Laker: Bari in tattara, tunda dare ya yi. An tabbatar babu matsoraci ko ɗaya. An tabbatar Davis ya fi kowa hankali, kuma kofin 2020 halal ne. An kuma tabbatar Boston ta rasa Hayward, ta ɗauko Fournier da gurbin kuɗinsa, shi ma bai cika rabin shekara ba ya wuce New York. Auwal ya sha kaye.

Zee Kwando: Yaya Sadik, ni ce na kawo maganar Davis, kuma ban ce ya fi kowa hankali ba. Cewa na yi ya nemi tabbas.

Auwal Celtics: Neman tabbas! To da Hausa me ake kiran wannan in ba tsoro ba?

Malam Nura: Auwal, janye kalmar nan.