Fitilun baya suna ruɗewa, kik yana nauyi: abin da muka gani a tsofaffin motocinmu

Mai MGB ƙirar 1972:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motata MGB, tsohuwar motar Ingila, mai kujera biyu ce, ni nake kula da ita da hannuna a gida, kuma wata biyu ke nan wutarta tana ɗaure mini kai. Idan na taka birki alhali sigina tana kunne, sai siginar ta daina ƙiftawa, fitilar baya ta riƙa dushewa tana haskawa a madadinta. Da safe kuma kik yana juya inji da ƙyar, duk da cewa batura biyun da ke bayan kujera, masu bolt 6 kowanne, sababbi ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da na daɗe ina murza makulli, na kai hannu zan mayar da cok (abin da ake ja don inji ya kama idan yana da sanyi), sai na ji wayarsa da zafi. Na yi niyyar sayen sabon kik, amma ina so in fara jin abin da ya faru da ku.

Mai Triumph Spitfire:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ruɗewar fitilun nan na sha fama da ita. Wuta ba ta aiki sai ta je ta dawo, kuma a motocinmu ƙarfen bodi ne hanyar dawowarta zuwa batir. Idan tsatsa ta toshe hanyar a wurin fitila, wutar takan bi ta cikin ƙwan da ke kusa ta nemi mafita, shi ya sa kake ganin wanda ba ka kunna ba yana haske. A tawa na ɗauki doguwar waya, na ɗaura bakinta ɗaya a negatif na batir, na taɓa ɗaya bakin a ƙarfen gidan fitilar, nan take komai ya daidaita. Daga nan na kwance wurin, na goge da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, na ɗaure, na shafa giris a kai. Ka kuma riƙe launin wayoyin motocin Ingila na wancan zamani, don yana rage wahala sosai: baƙa ta bodi ce, ruwan ƙasa daga batir take kai tsaye, fara tana samun wuta idan an murza makulli, kore ita ma haka amma ta bi ta fis.

Tsohon ɗan rewaya:
Yarona, kada ka sayi kik tukuna, kuma kada ka sake tayar da motar sai ka duba abin da zan faɗa maka. Inji yana zaune ne a kan roba, roba kuwa ba ta ɗaukar wuta, saboda haka akwai saƙaƙƙiyar waya mai kauri da ta haɗa inji da bodi. Kik yana jan amfiya fiye da 100 idan yana juya inji, kuma duk wannan wuta ta wayar nan take komawa. Idan ta ruɓe ko bakinta ya yi tsatsa, wutar takan bi wayar cok ko ta totur, waɗanda ba don haka aka yi su ba, sai su yi zafi. Na taɓa ganin wadda robarta ta narke ta manne, direba ya kasa mayar da cok, kuma wannan wuri ne da ke dab da kafireto da fetur.

A shekarun da na yi ina wannan aiki, kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya auna waya da mitar awon wuta alhali babu abin da ke jan wuta, ya ga ta nuna lafiya, ya wuce. Wayar da ta rage sili ɗaya tak za ta nuna maka lafiya a irin wannan awo, amma ba za ta iya ɗaukar kik ba. Awon da na yarda da shi shi ne wanda ake yi wuta tana gudana. Ka fara da batir bayan mota ta kwana: bolt 12.6 cikakke ne, 12.2 kusan rabi ne. Sai ka cire ƙaramar wayar koyil don kada inji ya kama, wani ya murza makulli kana kallon mita. Bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba. Bayan haka ka sa bakin mita ɗaya a negatif na batir, a kan dalmar kanta, ɗaya kuma a ƙarfen inji, a sake murzawa. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke salwanta a hanya, kuma idan ya kai rabin bolt ka san akwai inda ya toshe. Ka cire zobe da agogo kafin ka kusanci batir, ka fara kwance wayar da ke zuwa bodi, ita ce kuma ta ƙarshe wajen ɗaurawa.

Mai Corvette ƙirar 1975:
Baba ya yi gaskiya, sai dai ina so in ƙara cewa ba kullum ne laifin yake a wayar bodi ba. Jikin motata na faiba ne, ba ya ɗaukar wuta ko kaɗan, don haka kowace fitila da tata baƙar waya, kuma na saba zarginsu da duk abin da ya faru. Da batir ya fara mutuwa bayan kwana uku a ajiye, na ɓata mako biyu ina goge su ba tare da wani canji ba. Daga baya na cire negatif, na sa mita tsakaninsa da wayarsa a ma'aunin amfiya, komai a kashe, ƙofofi a rufe. Ya kamata a ga ƙasa da miliamfiya 50, ni kuwa na ga kusan 400. Na riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har adadin ya faɗi, na bi layin, sai na tarar da ƙaramar fitilar akwatin ajiya tana ci dare da rana saboda maɓallinta ya lanƙwashe.

Mai MGB ƙirar 1966:
Ni gargaɗi nake da shi ga duk wanda zai taɓa irin tawa. MGB da aka ƙera kafin ƙarshen 1967 fozitif ɗinta ne ke zuwa bodi, sai dai in wani ya juya ta daga baya, don haka a duba kafin a jona caja ko rediyo. Na biyu kuma fis. Tsohon fis na kwalba na Ingila mai lamba 35 yana nufin zai tsinke a amfiya 35, amma abin da yake ɗauka a kai a kai 17 ne. Wanda ya riƙe motar kafin ni ya sa mai lamba 35 irin na Amurka, wanda yake ɗaukar kusan ninkin 17 ɗin nan ba tare da ya tsinke ba. Ranar da wayar kore ta goge a jikin ƙarfe, fis ɗin ya ƙi tsinkewa, na ji ƙaurin roba, na ga hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin dashbod. Allah ya kiyaye na kashe makulli da wuri, amma sai da na canza waya mai tsawon hannu biyu.

Mai Triumph TR6:
Tawa gajeruwa ce. Batir ya daina caji, mita tana nuna 12.3 inji yana aiki, maimakon tsakanin 13.8 da 14.4. Na kusa cire altaneta, sai na lura jar fitilar caji ba ta kamawa idan na murza makulli. A irin wannan altaneta ta cikin ƙwan nan wutar farko take shiga ta tayar da shi. Na canza ƙwan, caji ya dawo.

Mai MGB ƙirar 1972:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi yadda ka ce. Batura sun nuna 12.6, amma tsakanin inji da negatif na ga bolt 1.4 ana murza makulli. Da na shiga ƙarƙashin motar na tarar da saƙaƙƙiyar wayar ta yi kore, fiye da rabin silinta sun tsinke, ina taɓa ta tana zuba. Na sa sabuwa, na goge wuraren ɗaurinta, awon ya sauko zuwa 0.2, kik ɗin da na so in yar yana juya inji da sauri, wayar cok kuma ba ta ƙara ɗumi ba. Fitilun baya kuwa ta notocin da suka riƙe su a bodi suke mayar da wuta, kuma tsatsa da tsohon fenti ne suka shiga tsakani. Abu ɗaya ya rage: ma'aunin fetur da na zafin inji duka suna nuna sama da gaskiya. Tun da su biyun ne tare, ina zargin ƙaramin akwatin da ke bayan dashbod, wanda yake rage musu wuta zuwa bolt 10. Ranar Asabar zan fara duba ɗaurinsa da bodi, kuma idan akwai wanda ya taɓa auna shi a gida, ina roƙon ya bayyana mini yadda ya yi.