Mata-maza da maganin homon na shekaru: abin da muka tattara a zaman Jidda

Maganar ta taso ne daga wata 'yar uwarmu mata-maza da aka cire wa 'ya'yan maraina da ke cikin mararta tun tana budurwa. Shekara ashirin ke nan tana shan estrojin, wato maganin homon na mata, yanzu tsoron sankarar mama ya hana ta barci.

Likitar mata da ke cikinmu ta ce tushen tsoron shi ne WHI, wani babban bincike kan lafiyar mata da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2002. Matan da aka gwada 'yan shekara 50 zuwa 79 ne, kuma haɗarin ya ƙaru ga masu haɗa estrojin da projestin, wani maganin homon na daban. Waɗanda ba su da mahaifa, masu shan estrojin zalla, ba a ga ƙaruwar a wurinsu ba. Nan ne zancen ya fi ɗaukar lokaci, don kuwa 'yar uwar tamu ba ta da mahaifa, projestin bai zame mata dole ba. Mai mahaifa kam sai da shi, domin kare bangonta.

Likitar ta ƙara da cewa maganin cike gurbin abin da jiki ya rasa yake yi. Idan mace ta daina shi da wuri, ƙashinta zai yi rauni, abin da yawancinmu ba mu taɓa kawowa a rai ba.

Sauran shawarwarin gajeru ne: hoton mama daga shekara 40, gwajin ƙarfin ƙashi, a faɗa wa likita in akwai sankara a dangi. Wata Hajiya ta kawo zancen habbatus sauda. Likitar ta ce ba ya maye gurbin estrojin. Idan shekara hamsin ta gabato, sai a sake zama da likita kan ci gaba ko ragewa.